Abin da ke cikin littafin Twilight da 'yan matanmu ke karantawa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi bayani a kan wani littafin Turanci da ya daɗe yana yawo a hannun 'yan matan sakandare da na manyan makarantu a nan Zariya, wato Twilight. Akan ci karo da shi a teburin masu sayar da tsofaffin littattafai, amma yawancin masu karanta shi yanzu a waya suke samunsa, wannan ta tura wa waccan ta WhatsApp, wasu kuma fim ɗin suka fara gani kafin su nemi littafin. Iyayen da suka ji labarinsa sun kasu biyu. Akwai waɗanda da zarar sun ji an ce saurayin da ke ciki mai shan jinin mutane ne sai su yi salati su ce a ƙwace a ƙona. Akwai kuma masu cewa ai Turanci ne, a bar yarinya ta karanta ta ƙaru. Kaɗan ne daga cikinsu suka buɗe littafin. A nawa ganin, shan jinin shi ne mafi ƙarancin illa a cikinsa, don ba yarinyar da za ta gama karatu ta fita neman mai tsotse mata jini. Abin da za ta iya ɗauka ta shiga duniya da shi shi ne ma'aunin da littafin ya ba ta na gane namijin da ke sonta, kuma ma'aunin nan karkatacce ne.

Stephenie Meyer ce ta rubuta shi, Ba'amurkiya daga jihar Arizona, mabiyar cocin Mormon, wadda ta karanta adabin Turanci a Jami'ar Brigham Young. Ta ce a watan Yunin 2003 ta yi mafarkin wata yarinya da wani saurayi mai ƙyalli suna hira a wani fili cikin daji, ta farka ta kama rubutu, cikin wata uku ta gama. Mafarkin nan shi ya zama babi na 13. Kamfanin Little, Brown ya buga littafin a 2005 bayan ya biya ta dala dubu 750 a kan littattafai uku. Bugun farko shafi 498 ne, babi 24, da 'yar gabatarwa da rufewa. New Moon ya biyo baya a 2006, Eclipse a 2007, Breaking Dawn a 2008, shekarar da fim na farko ya fito. An sayar da fiye da kwafi miliyan 100 na jerin.

Labarin kansa gajere ne. Bella Swan, 'yar shekara 17, ta bar mahaifiyarta a birnin Phoenix mai rana ta koma wurin mahaifinta Charlie, shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari mai suna Forks a jihar Washington, inda hadari da ruwan sama ba sa ɗaukewa. A makarantar garin, mai ɗalibai 357, ta haɗu da 'ya'yan riƙon wani likita, Carlisle Cullen, su biyar, kyawawa, farare fat, ba sa cin abinci, kuma ranar da rana ta fito ba sa zuwa makaranta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Edward. An haife shi a 1901, annobar murar 1918 ta kusa kashe shi, likitan ya cije shi ya mai da shi irinsa, wato mai shan jini, sai jikinsa ya tsaya cak a shekara 17. Wato lokacin da yake zaune kusa da Bella a ajin bayoloji ya haura shekara ɗari. Iyalin sun yi wa kansu alkawarin ba za su sha jinin mutum ba, namun daji suke farauta. Amma ƙanshin jinin Bella ya fi na kowa jan Edward, don haka yana sonta yana kuma ƙishirwar kashe ta a lokaci guda. Kusan kashi uku cikin huɗu na littafin a kan wannan ja-in-ja ya ƙare.

Mai shan jini na tsofaffin labaran Turai, irin wanda Bram Stoker ya rubuta a Dracula a 1897, abin ƙyama ne: cikin akwatin gawa yake kwana, yana tsoron tafarnuwa da gicciye. Meyer ta tsince duk abin ƙyamar ta zubar, ta bar ƙarfi da gudu da kyau da dukiya da rashin tsufa. Nata ba sa barci, fatarsu sanyi ƙalau da tauri kamar dutse, idan sun ƙoshi idonsu ruwan zinare, idan ƙishirwa ta taso ya koma baƙi, rana kuwa ba ta ƙona su, sai dai ta sa su walƙiya. Abin da ya rage bayan wannan tsinta saurayi ne mai tsadaddiyar mota wanda ya iya kiɗan fiyano, yana buɗe wa mace ƙofa, kuma ba zai taɓa yin furfura ba.

Wanda ya raina yadda aka ƙera littafin ba zai gane dalilin da yarinya ke kwana a kansa ba. Da bakin Bella aka ba da labarin daga farko har ƙarshe, kuma da gangan aka bar ta kusan babu siffa. Tana ganin kanta ba kyakkyawa ba, tana yawan tuntuɓe, ba ta da wani buri da za a nuna a ce nata ne. Kowace mai karatu sai ta shige cikinta ba tare da wani abu ya tokare ta ba. Duk da haka samari uku a makarantar suna rububinta, kuma wanda ya fi kowa, wato Edward, mai karanta zuciyar kowa, zuciyarta kaɗai ce ya kasa karantawa. An zaɓe ta ba tare da ta yi komai ba, kuma ga 'yar shekara sha biyar da ke ganin ba wanda ya san da zamanta a gida ko a aji, wannan ya fi zuma. Sai jan rai: sumbar farko ba ta zo ba sai ƙarshen babi na 13, an wuce rabin littafin. Amma abin da ya fi riƙe mai karatu shi ne yau zafi gobe sanyi. Ranar farko Edward ya harare ta kamar zai cinye ta, ya je ofis neman a sauya masa aji, ya ɓace kusan mako guda. Ya dawo da fara'a. A babi na 3 ya tare da hannunsa motar da ta zame a ƙanƙara za ta murƙushe ta, sannan ya share ta na makonni kamar bai san ta ba. Wanda ba a san ranar da zai yi murmushi ba, murmushinsa kan yi tsada, kuma mai jira ba ta iya ɗauke ido. Dabarar tana sayar da littafi, kuma ita ce wadda mayaudarin namiji ke amfani da ita a waje.

Adalci ya sa in faɗi abin da littafin ya yi daidai. Babu batsa a littafi na farko, jarumansa ba sa shan giya ko taba, kuma saurayin ne ke ja da baya duk lokacin da yarinyar ta matso. Shi ne ya dage sai an ɗaura aure, aka ɗaura a littafi na huɗu. Wannan daga tarbiyyar addinin marubuciyar ya fito. Idan batsa ake nema, wasu labaran Hausa da ake sayarwa a rukunonin WhatsApp sun ninka shi nesa ba kusa ba, kuma iyaye ba su ce musu uffan ba saboda da harshenmu aka rubuta. Turancinsa ma mai sauƙi ne, jimloli gajeru, hira da yawa. Babi guda kimanin shafi 20 ne, wanda ke karanta babi ɗaya kullum zai gama cikin ƙasa da wata. Ɗalibar da ta kai ƙarshen littafi mai shafi 498 da Turanci don raɗin kanta ta yi abin da da yawa daga masu digiri ba su taɓa yi ba, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. A dai tuna mata cewa rubutun Amurka ne, wasu kalmomin sun bambanta da yadda ake koyar da su a makarantunmu.

To ga inda gizo ke saƙa, kuma zan ambaci babi-babi domin mai so ya duba da idonsa, gani ya kori ji.

A babi na 5 Bella ta ji jiri a aji, aka ba ta izinin tafiya gida. Ta nufi motarta, Edward ya cafki rigarta ya ja ta zuwa tasa motar, ya ce in ta gudu zai sake janyo ta. Ta yi ɗan fushi ta shiga, cikin minti kaɗan suna hirar kiɗa. A babi na 8 ta je garin Port Angeles da ƙawayenta, wasu 'yan iska suka rutsa ta a lungu, sai ga shi ya bayyana da mota ya cece ta. Yaya aka yi ya san inda take? Bin ta yake yi a ɓoye, kuma ya faɗa da bakinsa. A lura da yadda aka jera abin: an fara nuna ceton kafin a bayyana bibiyar, don haka mai karatu ta riga ta gode masa kafin ta ji laifin. Duk wani ƙetare iyaka da Edward ya yi a littafin haka aka yi masa, akwai wani haɗari da aka tanada a gefe wanda zai wanke shi.

A babi na 12 ya gaya mata ƙarara cewa idan suka kaɗaita zai iya kasa riƙe kansa ya kashe ta. Sai ta tashi ta yi wa mahaifinta ƙarya, ta yi wa ƙawarta ƙarya, ta tabbatar ba mahaluƙin da ya san tana tare da shi a daji, wai don kada a zarge shi in ta mutu. Littafin a matsayin sadaukarwa ya gabatar da wannan. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ladabtarwa na makaranta ko ya saurari shari'ar yarinyar da aka yaudara ya san cewa da wannan matakin ake farawa, a raba ta da duk wanda zai tambayi inda take.

Babi na 14 shi ne wanda nake so kowace uwa ta karanta ko da shi kaɗai ne. A nan Edward ya bayyana cewa ya daɗe yana shigowa ɗakinta kusan kowane dare yana kallonta tana barci, ba da saninta ba, ba da sanin mahaifinta da ke kwance a ɗaya ɗakin ba. Bella ba ta firgita ba. Abin da ya dame ta shi ne kunyar ko ya ji tana sambatu da sunansa, kuma ta ce abin ya faranta mata rai. Bahaushe ya san wannan baƙon. Namijin dare ke nan, wanda malaman ruƙiyya ke kira jinnul ashiƙ, mai zuwa wa mace cikin barci, mai kishin duk wanda ya matso ta, mai hana ta sha'awar kowa sai shi. A gidajenmu idan yarinya ta ce wani na zuwar mata da dare, malami ake nema a yi ta tofi da hayaƙi har sai ya rabu da ita. A littafin nan shi ne angon.

Daga babi na 18 wani mai shan jinin, James, ya shigo labarin ya ƙwallafa rai a kan Bella. Domin ta gudu, sai ta jefi mahaifinta da kalaman da mahaifiyarta ta faɗa masa ranar da ta bar shi, don ta san nan ne gyambonsa. James ya yaudare ta zuwa wani ɗakin koyon rawa a Phoenix, ya karya mata ƙafa da haƙarƙari huɗu, ya fasa mata kai, ya cije ta a hannu. Ta farfaɗo a asibiti a babi na 24, kuma labarin da aka shirya wa iyayenta shi ne wai ta gangaro daga matakalar bene ta faɗa ta taga. Ba Edward ne ya ji mata ciwon ba, gaskiya ne. Amma ma'aikatan jinya a ko'ina sun san matar da ke zuwa da karaya tana cewa zamewa ta yi a banɗaki, mijin na tsaye a kanta yana gyaɗa kai. Yarinyar da ta karanta wannan babin ta ga jarumarta tana rufa wa saurayi asiri da irin wannan ƙaryar, tana roƙonsa kada ya tafi ya bar ta.

Littattafan da suka biyo baya ƙara wa abin gishiri suka yi. A New Moon ya rabu da ita, sai marubuciyar ta bar shafuka huɗu babu komai a kai sai sunan wata, Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Dabara ce mai kyau ta fuskar rubutu, amma abin da take faɗa shi ne rayuwar mace in babu saurayin fanko ce. Bella ta shiga hawan babur da ganganci, har ta yi tsalle daga kan dutse zuwa teku, don kawai ta ji muryarsa a kunnenta. Shi kuma da ya zaci ta mutu ya tafi Italiya neman a kashe shi. A Eclipse ya cire wani sashe na injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob, ya kuma ba 'yar'uwarsa Alice mota sabuwa domin ta tsare masa ita in ba ya nan. Yana dai matsa mata ta shiga jami'a, wannan na yarda, ita ce ba ta damu ba, burinta a cije ta ta daina tsufa.

A auna wannan da yadda muka san neman aure. Saurayi yakan zo ƙofar gida ya aika yaro ya yi masa sallama, a zauna a zaure ko inda masu wucewa ke gani, ƙanne na kai-komo. Idan magana ta yi nisa a ce ya turo magabatansa, a yi bincike a kan asalinsa da sana'arsa da halinsa. Tsarin yana da nasa matsalolin, auren dole bai ƙare ba, amma ginshiƙinsa shi ne kada yarinya ta kasance ita kaɗai ce ta san mutumin. Addini ma bai bar wannan a duhu ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 58 ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana leƙen asirin juna. Dokar ƙasa ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta sa bibiyar mutum cikin laifuka, kuma jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Abin da Edward ya yi a babi na 8 da na 14, in ɗan unguwa ne ya yi shi, ofishin 'yan sanda zai kwana.

Wata za ta ce ai labari ne, kowa ya san ƙarya ne. Haka ne, ba wadda ta yarda akwai saurayi mai walƙiya a rana. Amma saurayin da ke cewa a ba shi lambar buɗe waya yana nan a Samaru da Tudun Wada da cikin birni. Yana nan mai bugowa sau goma a ce ina kike, turo hoto in gani. Yana nan mai hana zuwa bikin ƙawa, mai fushin kwana uku ba dalili sannan ya dawo da kati da shawarma, mai cewa in kika bar ni zan kashe kaina. Yarinyar da aka koya wa cewa kishi mai tsanani shi ne hujjar so za ta ga duk wannan ta ji daɗi, ƙawayenta ma su taya ta murna, kuma so hana ganin laifi ne. Sai an ɗaura aure ya hana ta ƙarasa karatu da zuwa gidan iyayenta sannan a fara zaryar kai ƙara wurin waliyyi.

Ƙwacewa da ƙonawa kuwa an gwada. Tun ƙarshen shekarun 1980 da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa ake zarginsu da ɓata 'yan mata. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a Kano, kuma karatun bai tsaya ba, waya ya koma inda ba mai ganin bangon littafi balle ya ƙwace. Fayil ɗin da aka goge da safe ƙawa za ta sake turo shi kafin la'asar, kuma daga ranar yarinya ta daina gaya wa uwarta abin da take karantawa.

Abin da ya fi aiki shi ne babba ya karanta tare da ita. Uwa ko yaya ko malamar aji ba sai ta karanta duka ba in ba lokaci, babi na 5, 8, 12, 14 da 24 sun wadatar. In uwar ba ta jin Turanci, ta sa yarinyar ta ba ta labarin da Hausa, babi guda a zama guda, ana tsintar shinkafa ko ana kitso. Wannan ma ya fi, domin abin da ya yi daɗi da Turanci yakan sauya kama idan yarinya ta ji kanta tana ce wa mahaifiyarta, sai ya riƙa haurowa ta taga yana kallonta tana barci. Kada a fara da wa'azi, kuma kada a kushe littafin, don wanda ya zagi abin da yarinya ke so ya rufe bakinta. A fara da tambayar abin da ya burge ta, a saurara har ta gama. Daga nan a cire wa Edward kyau da mota a tambaye ta: in mai gadin layinku ne, ɗan shekara sittin, ya yi wannan, me za ki kira shi? A tambaye ta me Bella ke so ta zama in ta gama makaranta, ta nemo shafin da aka faɗa. A tambaye ta su wa Bella za ta kira in ta shiga matsala ban da Edward da danginsa, kuma ina ƙawayenta na farkon littafin suka shiga. In ta kare shi, a ƙyale ta ta kare shi, ba a zama ɗaya ake gamawa ba. Kuskuren da manya suka fi yi shi ne su mai da hirar bincike, su ce to ke wane ne naki Edward ɗin. Daga nan an gama, ba za ta sake buɗe baki ba.

Malaman Turanci da na adabi a sakandare suna da hanya mafi sauƙi. A ba ɗalibai aikin sake rubuta babi na 14 da bakin Charlie, uban da ya gano da safe cewa wani ya kwana a ɗakin 'yarsa. Shafi biyu ya isa. An koyar da mahangar mai ba da labari, an kuma koyar da abin da ya fi wannan ba tare da an ambace shi ba. A sa samarin ajin su ma su yi, domin su ne ke koyon cewa miskilanci da tsare gida ke sa mace ta so mutum.

Game da shekaru, ra'ayina shi ne 'yar ƙaramar sakandare ta dakata tukuna. 'Yar babbar sakandare ta karanta na farko in akwai babban da za su tattauna. New Moon kada a bar shi a hannun yarinyar da aka ga ta shiga damuwa, ta daina cin abinci ko ta ƙaurace wa mutane, saboda yadda ya ƙawata jefa kai cikin halaka. Breaking Dawn ba na 'yan sakandare ba ne sam: amarya ta tashi da tabon hannun ango a jikinta tana ba shi haƙuri, cikin da ta ɗauka ya kakkarya mata ƙashi, ta sha jini a kofi, haihuwar kuma kamar mahauta, sannan aka ɗaura zuciyar Jacob, saurayi baligi, a kan jaririyar da aka haifa a ranar.

Ga marubutanmu na intanet kuma, waɗanda miskilin attajiri ko yarima ko soja mai ɗaure fuska ya zame musu jarumin dole, aron labari ba laifi ba ne, kuma Zariya ta fi kowa sanin haka. A nan Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, amma ya sake musu ƙira har suka zama namu. In za a ara daga Twilight, a ari haƙurin jan rai da yadda aka sa yanayin gari ya zama wani ɓangare na labarin, har mai karatu ya ji danshin Forks a jikinsa. A bar sauran, don ko ta fuskar sana'a yana da ramuka. Mugun da ke cikin labarin, James, bai bayyana ba sai babi na 18 cikin 24. Faɗan da aka yi ta tara mana tsoronsa ya faru ne jaruma na kwance cikin magagi, ba mu ga komai ba. An yi ta maimaita kyawun fuskar Edward har ya gundura. Ta kuma ɗauki sunan Quileute, al'umma ta gaske da ke zaune a La Push har yau, ta jingina musu tatsuniyar masu shan jini da ita ta ƙirƙira. A gwada Bella da jarumar Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ta gudu ta nemi ilimi da kanta. Wannan tana da abin da take so a duniya, shi ya sa ita ke jan labarin, ba jan ta ake yi ba.

Abu na ƙarshe ga iyaye masu duba waya. Fifty Shades of Grey na E. L. James, wanda ya fito a 2011, asalinsa labari ne da aka rubuta a intanet da sunayen Bella da Edward kafin a sauya musu suna a buga shi. An ɗauki bibiyar da mallakar nan aka cire kamun kan, ya zama batsa zalla ta manya. Wadda ta gama Twilight ta tambayi na gaba, sau da yawa shi ake miƙa mata, don haka in an ga wannan sunan cikin fayilolin 'yar sakandare, shi ne wanda za a cire a kuma zauna da ita a ranar.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wata malamar adabi,
Tudun Wada, Zariya.